Kyautar makarantu kan kula da muhalli: dashe za a ƙirga ko abin da ya rayu?

Malamar Kimiyya (Haɗeja):
Assalamu alaikum iyayena da abokan aiki. Shawara nake nema. Wasu tsofaffin ɗalibai na yankinmu sun haɗa kuɗi, suna so duk shekara a karrama makarantar da ta fi koya wa yara kula da muhalli, ta kuma fi fitar da su daga aji su ga abin da ake karanta musu da idonsu. An sa ni cikin masu tsara sharuɗɗa. A zaman farko kusan kowa ya ce abin mai sauƙi ne, a ƙirga itatuwan da kowace makaranta ta dasa, wadda ta fi yawa ta ɗauki kofi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Waɗanda suka taɓa ganin irin wannan tsari, yaya ake yi?

Malamin Daji mai ritaya:
Wa alaikumus salam. Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba. In dai dashe za ku ƙirga, to aikin rana ɗaya za ku saka wa. Na ga irinsa har na gaji: a kawo dashe cikin baƙaƙen ledoji a bayan mota, babban baƙo ya sunkuya ya sa ɗaya a rami, a miƙa masa buta ya zuba ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Da damina ai ko sanda ka kafa tana iya tsira. Inda ake gane mai aiki shi ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ƙasa ta ɗauki zafi, akuya ba ta ganin kore ko'ina sai ɗan ganyen nan na cikin makaranta, gara kuma ta kama saiwa daga ƙasa. Wani abin da ba a lura da shi, hutun zango na biyu yakan faɗo ne a tsakiyar bazara. Yara sun tafi, malamai sun tafi, maigadi shi kaɗai ba zai ɗauki jarka ba. Kafin a dawo sai ƙirare.

Shawarata, kada masu dubawa su je ranar dashe ko kaɗan. Su je a watan Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, su ƙirga abin da ke tsaye da rai. Itacen da ya ga bazara biyu ya tsira, wannan a rubuta shi da sunan makaranta.

Malamin Lissafi (Zariya):
Baba, na yarda da kai, amma ina ganin mun taƙaita maganar ga itace. Malama ta ce ilimi. Akwai tsarin da ake kira Eco-Schools, wata gidauniyar ilimin muhalli mai hedikwata a Danmak ce ke gudanar da shi tun 1994, bayan taron duniya kan muhalli da aka yi a Riyo a 1992. Koriyar tuta suke ba makaranta. Abin da ya burge ni, ba sa farawa da tambayar me kuka dasa. Matakai 7 suka gindaya, na farkonsu a kafa kwamiti wanda ɗalibai ne ke jan ragamarsa. Yaran su zagaya makarantarsu su rubuta matsalolinta na shara da ruwa da inuwa, su tsara abin da za su yi, su riƙa auna ko ana samun ci gaba, a kuma ɗaura aikin da darussan aji, a jawo mutanen gari ciki. Tutar ma ba ta dindindin ba ce, ana dawowa a sake duba makaranta, in ta yi sanyi ta rasa ta. Afirka ta Kudu ta shiga tun 2003, akwai shi a Maroko da Kenya. A Amurka kuma ma'aikatar iliminsu ta fara ba da wata lambar yabo a 2012, tana duba abu 3: rage ɓarnar wuta da ruwa, lafiyar ɗalibai da malamai, da ingancin ilimin muhallin da ake koyarwa. Ko sisi ba a haɗa da ita ba, suna ne kawai.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana, duk wannan da ka lissafa ya yi kyau, sai dai ka sani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna firamare akwai gonar makaranta, kowane aji da kunyoyinsa, akwai ƙungiyar matasa manoma. Malam yakan fitar da mu bayan gari mu tsinko ganye, mu dawo mu manna a littafi mu rubuta sunansa. Darbejiyar da kuke fakewa ƙarƙashinta yau a tsofaffin makarantu, yara ne suka raine ta da ruwan gwangwani. Ba a ba mu tuta ba. Abin da ya kashe wannan al'ada shi ne yawan yara a aji, da sayar da filayen makarantu ko gine su, da malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata balle ya tsaya bayan an tashi. Kyautar ku ba za ta gyara waɗannan ba, amma in an tsara ta da hankali tana iya tuna wa mutane abin da suka bari.

Uwar Yara (Katsina):
Ku yi haƙuri, ni a matsayin uwa zan yi magana. Wace fita waje ake nufi? Tun sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disamban 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, duk takardar da aka aiko min daga makaranta cewa za a kai yara wani wuri, gabana faɗuwa yake yi. Ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka ma ba su tsira ba a 2021, su da daji ne karatunsu. In kuka sa maki a kan yawon buɗe ido, wani hedimasta zai kwashi yara a motar haya ya nufi daji don ya ci kofi. Ni ba zan sa hannu ba, kuma ba ni kaɗai ba ce.

Malamar Kimiyya (Haɗeja):
Hajiya, wannan magana ce babba, kuma ba wanda ya kawo ta a zamanmu. Na rubuta. Amma kina ganin a cire fita gaba ɗaya?

Uwar Yara (Katsina):
A'a Malama. A fitar da su daga aji, amma kada a fitar da su daga gari sai iyaye da masu tsaro sun aminta. Kuma kada nisan tafiya ya zama abin da ke kawo maki.

Malamin Firamare (Nguru):
Ina bayan Hajiya. Mutane sun ɗauka sai an je Yankari an ga giwa an yi wanka a Wikki sannan an yi karatun muhalli. Wanda ya samu dama ya je, gani ya kori ji. Amma mu nan fadamar Haɗeja da Nguru a bakin ƙofarmu take, tun 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a Dagona, kuma akwai yaran da aka haifa a nan da ba su san haka ba. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsun jan-baki na kwana a cikinta yana cinye wa iyayensu shinkafa da gero. Wane darasi ya fi wannan kusa da yaro?

Abin da nake yi da 'yan aji biyar ba ya cin ko kwabo. Da safe kafin rana ta yi zafi mu zauna a gindin tsamiyar bayan aji, kowa da littafinsa, mu yi shiru na ɗan lokaci, kowa ya rubuta tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa. Da farko komai "tsuntsu" ne a wurinsu. Kafin zango ya ƙare sai ka ji ana gardama, wannan balbela ce, wancan zalɓe ne, a'a carki ne ba shaya ba. Akwai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba, ita ta zo da gudu ta ce min shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci, kakarta ta ce damina ta kusa. Muka rubuta ranar a bango. Da ruwan farko ya sauka muka ƙirga kwanakin da ke tsakani, lissafi ya shigo ciki. Bana ajin da ya biyo bayansu suna jiran su ga ko ranar za ta zo daidai da ta bara. In da ni ne mai dubawa, irin wannan littafin zan ce a nuna min.

Malamin Lissafi (Zariya):
Malam, wannan shi ne ainihin abin da masu koriyar tuta ke nufi da ɗaura aiki da darasi. Allah ya ƙara basira.

Mushen Lakwal (Maraɗi):
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni malamin makarantar boko ne a Nijar, abin da muke kira mushen lakwal. Bari in sa baki daga wannan ɓangare. Mu a Nijar ranar 3 ga Agusta ranar dashen icce ce tun 1975, kowace shekara ana yi. Amma in ka tambayi manomin Maraɗi ko Damagaram abin da ya maido masa da icce a gona, ba zai ce maka dashe ba, zai ce sassaben zamani. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aikin dashe a nan yana ganin yawanci na mutuwa, sai ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Sai aka koma zaɓen rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ne kan gaba, don yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi albarka.

To ga tambayata. Lakwal ɗin ƙauye da ba ta da rijiya, ba ta dasa ko ɗaya ba, amma yaranta sun kewaye tsiron gawo da kalgo da sabara da ke filinsu, sun koyi datsa, itatuwan sun tashi. A tsarinku na ƙirga dashe sifili za ta ci. Alhali ita ta koya wa yara abin da zai amfane su a gonar ubansu.

Malamin Daji mai ritaya:
Mushe, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekara da shekaru muna raba darbejiya da turare saboda su ne masu saurin tashi kuma akuya ba ta cika damun darbejiya ba. Ba na zaginta, ta yi mana rana, ita ce inuwar garuruwanmu. Amma baƙuwa ce, daga Indiya aka kawo ta. Yaron da ya tashi bai san aduwa da magarya da kanya da ɗorawa da marke ba, an yanke shi daga wani ilimi da kakanninsa ke da shi. Ku sa maki na daban ga itatuwan gida. Kuma su yaran su raini irin da kansu: su tsinto ƙwallon kuka ko tsamiya, a jiƙa a ruwan zafi don ɓawon ya yi laushi, a cika ledar ruwan sha da aka yar da ƙasa da taki, a huda gindinta. Shara ta ragu, dashe ya samu, ba a jira mota daga hedikwata ba.

Mai Makaranta mai zaman kanta (Kano):
Ina bin maganar tun ɗazu, kuma ina jin ƙamshin cewa ana so a ware irinmu. Muna da katanga da rijiyar burtsatse, gaskiya ne, amma da kuɗinmu muka yi, kuma lambunmu yara ne ke zagayawa a ciki. Laifi ne don mun tanadi kayan aiki? In gasa ce a bar kowa ya nuna abin da yake da shi.

Malamin Firamare (Nguru):
Alhaji, ba laifi ba ne. Amma wa ke ba lambun ruwa, yara ko ma'aikacin da kuke biya?

Mai Makaranta mai zaman kanta (Kano):
Akwai mai kula da shi. Iyayen da ke biyan kuɗin makaranta ba za su yarda 'ya'yansu su koma gida da taɓo a riga ba, kai ma ka sani.

Tsohon Hedimasta:
To Alhaji ai ka ba da amsa da kanka. Lambunka ado ne mai kyau, Allah ya sa albarka, amma kyautar ta ilimi ce. Ni ban ce a ware ku ba. A raba rukuni: masu katanga da ruwa su kara da junansu, marasa shi su kara da junansu. Sannan a auna kowace makaranta da inda ta taso. Wadda ta fara da fili fetal ta kai ga inuwar da aji ɗaya zai zauna, ta yi tafiya mai nisa fiye da wadda ta gaji lambu.

Ina da wani gargaɗi kuma, ga ku malamai. Mun daɗe muna mai da aikin ƙasa horo. Yaro ya makara, je ka share fili. Ya yi surutu, je ka ɗebo ruwa ka ba itace. Yaron da aka raina haka, ranar da ya bar makaranta ya bar itace ke nan. Makarantar da aka samu tana haka, ko itatuwanta sun kai nawa, a rage mata maki. Kuma a duba wa ke ɗaukar jarka. Sau da yawa 'yan mata ne ke ɗebo ruwa, ranar karɓar baƙi kuma a tsayar da namiji ya yi bayani.

Uwar Yara (Katsina):
Baba, Allah ya saka da alheri da wannan ta ƙarshen. 'Yata ta sha faɗa min haka.

Malamin Islamiyya (Gusau):
Ina fata ba za a manta da mu ba. Duk lokacin da aka ce "makarantu" sai a nufi na boko kawai, alhali yaran da ke zuwa Islamiyya da makarantun allo ba su da iyaka. Kuma mu muna da madogara da ba sai an fassara wa iyaye ba. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga gare ta, face ya zama sadaka a gare shi. A wurinmu matsalar ruwa ma da sauƙi. Ruwan alwala kullum kwarara yake yi ya zama caɓi a ƙofar makaranta. Muka haƙa 'yar hanya muka karkatar da shi zuwa gindin zogale da lemun tsami da gwanda. Caɓin ya kau, sauro ya ragu, yara na tsinkar zogale su kai gida. Ba mu sayi komai ba sai ƙayar da muka yi shinge da ita, ita ma yara suka saro.

Mushen Lakwal (Maraɗi):
Malam, wannan dabara ta yi. Ga waɗanda ba su da ko ruwan alwala mai yawa, a binne tsohon tulu kusa da dashen, bakinsa a waje, a cika shi a rufe. Yana tsattsafowa a hankali ya kai kwanaki. In fili ne mai tauri kuma a haƙa masa rami mai siffar rabin wata kamar yadda ake yi a wajen Tawa, ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu.

Malamin Lissafi (Zariya):
Saura batun me za a bayar. Ni ina ganin tuta ko allo da sunan makaranta ya isa, kamar yadda ake yi a waje. Da zarar kuɗi ya shigo, rigima ta shigo.

Malamin Firamare (Nguru):
A nan kam mun rabu, Malam. Makarantar Amurka da aka ba suna kawai tana da ruwa da wuta da kasafinta. Mu da muke sayen alli da kuɗin aljihu, ka ba mu tuta mu rataya a ina? A ba da abin aiki. Ba na cewa a damƙa wa hedimasta kuɗi a ambulan. A sayo waya ta shinge, baro, butocin ban-ruwa, a gyara famfon tuƙa-tuƙa in ya lalace. In da hali a haɗa da madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne, yaran su ga idon zalɓe kusa.

Malamin Daji mai ritaya:
Ku haɗa biyun mana. Kuma kada a manta da mutum ɗaya: a kowace makarantar da itace ya rayu, in ka bincika akwai wani malami ko maigadi da ya ɗauki abin a ransa, yana zuwa ranar hutu ba wanda ya aike shi. A kira sunansa a gaban jama'a. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sau da yawa lambun ke mutuwa, shi ya sa batun kwamitin ɗalibai da Malamin Zariya ya kawo yake da muhimmanci, don aikin ya zama na makaranta.

Sannan ku nemi waɗanda suka riga ku. Gidauniyar kiyaye muhalli ta Najeriya, NCF, tana nan tun 1980, ta daɗe tana kafa ƙungiyoyin muhalli a makarantu, kuma ta san fadamarku sosai. Jigawa da Yobe suna cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dasa itatuwa don tare hamada ya shafa, hukumarsa tana da wuraren rainon dashe. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a dajin Amurum, ta yaye ɗalibai da yawa 'yan Arewa. Irin waɗannan ku roƙa su shiga cikin masu dubawa, kada a bar alƙalanci a hannun wanda ƙaninsa ke da makaranta a cikin gasar.

Malamar Kimiyya (Haɗeja):
Na gode ƙwarai, iyayena. Abin da zan kai wa kwamiti: a je dubawa a Mayu ba tare da sanarwa ba, a ƙirga mai rai har da tsiron da aka raina, a raba rukuni, a sa Islamiyyu, kuma mai dubawa ya keɓe da yara ba malami a wurin, ya nuna itace ya ce mene ne sunan wannan, wa ke ba shi ruwa, me ake yi da shi. Inda nake hango turjiya shi ne masu ba da kuɗin suna son biki a bana, su kuwa itatuwan sai sun ga bazara.

Mai Makaranta mai zaman kanta (Kano):
In za a raba rukuni ni ba ni da ja. Zan gwada ba 'yan aji huɗu kunya ɗaya su riƙe da kansu, in ga abin da iyaye za su ce. Amma zuwa ba sanarwa ɗin nan, ku sake tunani, muna da jarrabawa a Mayu.

Tsohon Hedimasta:
Malama, ki ce musu su yi bikinsu a bana, amma na ƙaddamarwa: a rubuta makarantun da suka shiga, a ɗauki hoton filin kowacce yadda yake yau, a raba musu waya da butoci. Kofi kuma sai baɗi. Alhaji, minti talatin ne, ba zai hana jarrabawa ba.

Mushen Lakwal (Maraɗi):
Malama, in kuna son irin gawo ku yi magana da wuri. Da rani 'ya'yansa ke zuba, kuma awaki ba sa barin ko ɗaya a ƙasa, sai an riga su. Akwai direban da ke zuwa Maigatari ranar kasuwa, zan iya ba shi ya sauke muku a can.